Ga-ruwa, Baron Shara da Alƙawuran 'Yan Takarar Ƙaramar Hukuma a Kano

A unguwanni da yawa na birnin Kano da kewayensa, ruwan da ake girki da wanki da alwala da shi a kan kura yake isowa gida, kuma sharar da ake tarawa kowace safiya yaro mai baro ne yake ɗauke ta daga ƙofar gida. Wannan hidima ta mutum uku, wato mai rijiyar burtsatse da ɗan ga-ruwa da mai kwashe shara, ita nake so in auna a nan kamar yadda ake auna duk wani abu da mutum ya sa kuɗinsa ya saya, domin magidanci yana biyanta kullum, alhali ba kasafai ake zama a faɗi inda ta yi kyau da inda ta gaza ba. Zan kuma ɗora ta a kan sikeli ɗaya da abin da 'yan takarar shugabancin ƙaramar hukuma da na kansila suke yi mana alƙawari duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, saboda a ganina ba za a gane darajar waɗannan alƙawura ba sai an san abin da jama'a suke rayuwa a kansa a yanzu.

Rijiyar da unguwarmu ta dogara da ita ta wani magidanci ce, wanda ya haƙa ta a gefen gidansa, ya ɗora manyan tankunan roba a kan ƙarafa, ya jawo bututu ɗaya zuwa bakin titi ya rarraba shi kawuna da dama, kowane kai da guntun tiyo a jikinsa. Tun kafin a fito daga sallar asuba kuraye sun yi layi, kowace ɗauke da jarkoki sha biyu ko fiye, masu cin lita 25, kuma wani yaro yana zaune a kan benci da littafi yana rubuta kurar da ta cika da wadda ta biya. Ɗan ga-ruwa yana cusa tiyo a bakin jarka, idan ta tumbatsa ya zare ya mayar a ta gaba ba tare da an kashe famfo ba, don haka ƙasan wurin ba ya rabuwa da caɓi, sannan jarkar da murfinta ya ɓata sai a toshe bakinta da leda a murɗe. Daga nan sai turi, kuma duk wanda ya taɓa gwada motsa kura cikakkiya a lungun da ruwan sama ya zaizaye ya san cewa kuɗin da ake ba waɗannan bayin Allah bai kai wahalarsu ba, domin jarka sha biyu kaɗai nauyin ruwanta kilo 300 ne, ban da ƙarfen kurar. Da yawa daga cikinsu 'yan cirani ne daga ƙauyukan Kano da Jigawa da Katsina, wasu kuma daga Jamhuriyar Nijar, suna kwana a shago ko a zaure, suna biyan mai kura kuɗin haya kowace rana.

Abin yabo na farko a wannan hidima shi ne cika alƙawari. Idan ka saba da ɗan ga-ruwa guda, ya san yawan jarkokin da gidanka yake sha, ya san ranar wanki, ya san lokacin da maigida ya fita da lokacin da za a yi masa izinin shiga, yana sallama daga zaure ya jira a kimtsa kafin ya shigo ya juye a duro ko randa. Yana ba da bashi zuwa ƙarshen mako ko ƙarshen wata ba tare da takarda ba, kuma idan ana suna ko biki ko an yi rasuwa, kira ɗaya a waya ya isa ya jero sawu uku ko huɗu. Ban san wata hukuma da take yi wa talaka irin wannan sauƙi ba. Ruwan kuma a ido garau yake, ba shi da wari, ba shi da gishiri-gishirin da ake ji a wasu rijiyoyin gida, kuma yana kumfa da sabulu yadda ya kamata.

Matsalar tana farawa ne daga farashi, domin farashin jarka ba a hannun ɗan ga-ruwa yake ba, ba ma a hannun mai rijiya yake ba gaba ɗaya. Injin da ke tura ruwa daga ƙarƙashin ƙasa zuwa tanki da wuta yake aiki, idan babu wutar lantarki sai janareto, janareto kuma sai fetur ko gas. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000, kuma kowane tashi sai da ya bayyana a bakin jarka. Jarkar da muka daɗe muna saye naira 50 ta koma 100, a bazara kuma ko lokacin da wuta ta daɗe ba ta zo ba takan kai 150 ko 200, sannan a irin wannan lokaci ɗan ga-ruwa yakan fifita gidajen da ke kusa da rijiya a kan na ƙarshen lungu, wanda kuma ba za a ga laifinsa ba. Gidan da yake da mutum takwas ko goma ba zai wadatu da ƙasa da jarka shida a rana ba ko da an yi tsimi, don haka a kan naira 100 ma kuɗin ruwan wata ya kai naira 18,000, ban da ruwan leda da ake saye don sha. Wanda yake karɓar mafi ƙarancin albashi zai gane abin da wannan lissafi yake nufi. Abin takaicin shi ne, mai hali da ya haƙa tasa rijiyar a cikin gida yana samun lita a kan kuɗin da bai kai wanda talakan maƙwabcinsa yake biya ba.

Aibi na biyu ya fi na farko haɗari saboda ba a ganinsa. Babu wanda ya taɓa nuna mana takardar gwajin ruwan wannan rijiya, kuma ban ji labarin wata rijiyar kasuwa a kewayenmu da aka ɗebi ruwanta aka kai ɗakin gwaji ba. A unguwa mai cunkoso, inda kowane gida yake da masai ko ramin sokawe, tazarar da ke tsakanin rijiya da ramin bahaya sau da yawa ba ta wuce faɗin katanga ɗaya ko biyu ba. Ko da ruwan ya fito da tsabta daga ƙasa, tankin da ba a wanke shi sai an ga dama, da tiyon da yake kwance a caɓi tsakanin kura da kura, da jarkar da idan ka leƙa cikinta za ka ga gansakuka ta yi kore a gindinta, duk suna iya ɓata shi kafin ya iso randa. Yawancin jarkokin nan tsofaffin mazuban man girki ne, kuma ƙuncin bakinsu ba ya barin hannu ya shiga a goge, sai dai a zuba yashi da ruwan omo a girgiza, shi ma ba kowa yake yi ba. A shekarar 2021, lokacin da cutar amai da gudawa ta kama fiye da mutum dubu 100 a Najeriya ta kashe fiye da 3,000, Kano tana cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna tare da Bauchi da Jigawa, kuma hanyar yaɗuwar wannan cuta sananniya ce, wato ruwa da abincin da najasa ta taɓa. Saboda haka a gidanmu ruwan kura na wanki ne da wanka da girkin da zai tafasa, wanda za a sha kuwa sai an tafasa shi ko an ɗiga masa maganin tsarkake ruwa, kuma wannan shawara nake ba duk wanda ya tambaye ni.

Akwai kuma abin da ya shafi ƙasar kanta. Mafi yawan birnin Kano a kan dutse yake zaune, ruwan da ake samu a ƙarƙashinsa yana maƙale ne a tsagogin dutsen da kuma ruɓaɓɓen saman da ya lulluɓe shi, ba wani tafki ne shimfiɗe a ƙasa ba. Shi ya sa za ka ga an haƙa rijiya a nan an sami ruwa, an matsa gaba kaɗan an haƙa an tashi a tutar babu, kuma shi ya sa idan rijiyoyi suka yi yawa a layi ɗaya suke janye wa juna ruwa, har rijiyoyin gargajiya na cikin gidaje su ƙafe tun kafin watan Maris. A watannin Afrilu da Mayu mai rijiyarmu yakan kashe inji ya jira ruwa ya taru kafin ya sake tayarwa, layin kuraye ya yi tsawo har ya toshe hanya.

Wannan batu na ƙasa shi ne ya sa nake ɗari-ɗari da alƙawarin da ya fi kowane yawa a bakin 'yan takara, wato haƙa rijiyoyin burtsatse. Zaɓen ƙananan hukumomi na Kano da hukumar zaɓe ta jiha, KANSIEC, ta gudanar ranar 26 ga Oktoban 2024 ya zo a wani yanayi da ya kamata a ce ya tilasta wa kowa yin maganar ruwa da gaske, domin tun ranar 21 ga watan babban layin wutar da ke bi ta Ugwuaji a jihar Enugu zuwa Apir a jihar Binuwai ya lalace, a daidai lokacin da layin Shiroro zuwa Kaduna yake kwance sakamakon ɓarnar da aka yi masa, Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu. A waɗannan kwanaki ruwa ya yi tsada ƙwarai, masu rijiyoyi da dama sun rufe saboda kuɗin mai, kuma jama'a sun ga da idonsu cewa ruwan unguwa a jikin wayar lantarki yake rataye. Duk da haka abin da aka fi ji a rediyo da wuraren taro bai sauya daga na kullum ba: za a haƙa rijiya a kowace mazaɓa, za a sayo taransfoma, za a kawo ruwa. Jam'iyyar NNPP da ke mulkin jihar a lokacin ta lashe kujerun ciyaman 44 da na kansila 484 gaba ɗaya, kamar yadda APC ta lashe duka a zaɓen Janairun 2021 lokacin da take mulki, kuma wannan hali ne na kusan kowace jiha a ƙasar nan. Inda aka san sakamako tun kafin jefa ƙuri'a, ɗan takara ba ya jin dole ya zauna ya tsara manufa, domin wanda yake buƙatar ya gamsar shi ne wanda zai ba shi takara.

Rijiyar da hukuma ta haƙa kuwa mun ga yadda take ƙarewa. Akwai guda a bayan makarantar firamaren unguwarmu, mai aiki da hasken rana, wadda aka buɗe da taro aka rubuta sunan wanda ya kawo aikin a jikin tankinta da manyan baƙaƙe. Ta yi aiki na ɗan lokaci, mata da yara suna ɗiba kyauta, har farashin jarka ya ɗan sauka a layukan da ke kusa, wanda ya nuna cewa abin yana da amfani idan yana tafiya. Da injin cikinta ya ƙone sai aka rasa mai gyara, saboda ba a naɗa kowa ya kula da ita ba, ba a ware ko sisi na gyara ba, kuma ba a yarda a karɓi ko naira goma a bakin famfo ba don kada a ce ana sayar da abin gwamnati. Bayan wasu watanni aka wayi gari an kwance faifan sola biyu, yanzu kawunan famfon ma babu su, awaki ne suke kwana a inuwar tankin. Rijiyar ɗan kasuwa da ke nesa da ita da layi biyu ba ta taɓa yin mako a tsaye ba, domin ranar da injinta ya lalace ranar mai ita yake nemo mai gyara. Ban taɓa jin ɗan takarar da ya ce zai ƙirga matattun rijiyoyin mazaɓarsa ya tayar da su kafin ya haƙa sabuwa ba, alhali gyaran inji da sauya bututu bai kai rabin kuɗin sabon haƙi ba. Sai dai gyara ba a yanka masa kyalle, ba a kuma rubuta suna a jikinsa.

Ya kamata a yi wa 'yan takarar adalci a wuri ɗaya, wato ruwan famfo na birni ba a hannunsu yake ba. Matatun ruwa na Challawa da Tamburawa da Watari, da tankunan da ke kan Goron Dutse, da manyan bututun da suka ratsa gari, duk na Hukumar Samar da Ruwan Sha ta Jihar Kano ne, madatsun Tiga da Challawa Gorge kuma da suke riƙe ruwan kogunan suna ƙarƙashin hukumar raya kogunan Hadeja da Jama'are ta gwamnatin tarayya. Sabuwar matatar Tamburawa mai ƙarfin lita miliyan 150 a rana da ta Watari mai lita miliyan 75 an gina su ne zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, kuma aiki irin wannan ya fi ƙarfin kasafin kowace ƙaramar hukuma. Akwai lokacin da ba haka abin yake ba, domin ruwan famfo na farko da aka jawo wa Kano daga kogin Challawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da kuɗin baitulmalin En'e aka yi shi tare da wutar lantarki, amma wannan iko ya daɗe da komawa hannun jiha da tarayya. Haka wuta take: rarraba ta a Kano da Katsina da Jigawa aikin kamfanin KEDCO ne tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, kuma dokar lantarki ta 2023 jihohi ta buɗe wa ƙofa, ba ƙananan hukumomi ba. Ciyaman yana iya sayen taransfoma ya ajiye a unguwa, ana kuma gode masa, amma ba shi da ikon ƙara ko awa ɗaya a kan wutar da za ta bi ta cikinta. Duk ɗan takarar da ya ce zai kawo ruwan famfo ko ya tsayar da wuta, ko dai bai san iyakar kujerar da yake nema ba, ko kuma yana ganin mu ne ba mu sani ba.

Abin da yake hannunsu a rubuce yake a Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999, kuma yana da yawa. A ciki akwai kwashe shara da kula da najasa da samar da bayan gida na jama'a, akwai gina da gyara tituna da magudanan ruwa da fitilun kan hanya, akwai kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu, akwai sa ido a kan gidajen abinci da gidajen burodi, har ma da ba da lasisin kekuna da kuraye da baro. Wato kurar ɗan ga-ruwa da baron mai shara, waɗanda unguwa take rayuwa a kansu, kundin tsarin mulki ya ambace su a cikin aikin ƙaramar hukuma, kuma wannan ƙofa ce da shugaba mai tunani zai bi ya gyara hidimar da ake da ita a ƙasa. Abin da aka fi sani da shi dai shi ne yankar rasit.

Hidimar shara ta fi ta ruwa rauni nesa ba kusa ba. Yaran da suke zagayawa da baro, galibinsu almajirai ko matasan da ba su da wata sana'a, suna karɓar naira 100 ko 200 gwargwadon girman buhu, suna zuwa da wuri, kuma ba sa ƙyamar abin da aka ba su, ko da ruɓaɓɓen abinci ne ko ƙunzugun yara. Daga ƙofar gida zuwa bakin lungu ba ni da ƙorafi a kansu, illa dai suna aiki da hannu tsirara da silifas a cikin fasassun kwalabe da allurai, abin da bai kamata a bar ɗan kowa ya yi ba. Tambayar ita ce ina sharar take zuwa bayan ta bar lungu. Idan bolar unguwa tana kusa kuma ba ta cika ba, can ake kai ta. Idan ta yi nisa ko ta tumbatsa har ta cinye rabin titi, sai a juye a kangon da ba a gina ba, ko a kududdufi, ko a cikin lambatu da dare. Magidanci ya biya kuɗi an raba shi da sharar, amma ba ta bar unguwar ba, kuma ruwan farko na damina zai kwaso ta ya toshe kwalbati, kwata ta cika ta dawo cikin gidaje, ta kuma tsuma ta gangara inda rijiyoyinmu suke sha. Kwarin Jakara da ya ratsa tsakiyar birni shaida ne a kan inda leda da robobin Kano suke ƙarewa. Da can sharar gari toka ce da kashin dabbobi da ɓawon abinci, manoman kewayen birni suna zuwa da jakuna su kwashe ta su kai gona a matsayin taki, har yanzu ma wasu suna saye a mota, amma leda ta yi mata yawa har ta rage mata daraja. Masu jari-bola suna tsince ƙarfe da gorunan roba da kwali saboda suna da kasuwa, ledar ruwa da baƙar leda kuwa ba mai so, sai dai a cinna musu wuta da magariba hayaƙi ya cika gidaje.

A cikin birni kwashe manyan bololi yana hannun hukumar REMASAB ta jiha, akwai kuma tsabtace muhalli na Asabar ɗin ƙarshen wata da ake hana zirga-zirga da safe, don haka ɗan takara yana iya fakewa da cewa jiha ta karɓe aikin. Wannan uzuri bai gamsar da ni ba. Tazarar da ke tsakanin ƙofar gida da inda babbar mota take iya tsayawa ita ce inda komai yake lalacewa, kuma wannan tazara babu wanda ya san ta kamar kansila da mai unguwa. Ware wurin tara shara a kowace mazaɓa da kewaye shi, yi wa masu baro rajista da ba su safar hannu da takalmi, sanya ranar da mota za ta zo da bin sawu idan ba ta zo ba, yashe lambatu a watan Mayu kafin ruwa ya sauka maimakon watan Agusta bayan ya ci gidaje, duk ayyuka ne da ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Sannan akwai duba-gari, wanda iyayenmu suke ba da labarin yadda yake shiga gida ya leƙa randa ya duba masai, har a ci tarar wanda ya bar ƙazanta. Ma'aikatan lafiyar muhalli suna nan har yau a sassan lafiya na ƙananan hukumomi, kuma su ne ya dace su riƙa ɗibar ruwan rijiyoyin kasuwa ana gwadawa, su tilasta wanke tanki, su hana haƙa rijiya a gindin masai, su manna takardar sakamako a inda mai saye zai gani. Mai rijiyarmu, da na taɓa yi masa wannan magana a bakin famfonsa, cewa ya yi: "Alhaji, ni ban ƙi a gwada ba, in an ce in zuba magani zan zuba, amma wa zai zo? Wanda yake zuwa kuɗin rasit kawai yake karɓa ya wuce."

Daɗaɗɗen uzurin shugabannin ƙananan hukumomi shi ne rashin kuɗi, kuma yana da tushe, domin kason da doka ta ba ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, wato kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake bi, inda gwamnoni suke da ta cewa. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Antoni Janar na tarayya Lateef Fagbemi ya shigar, ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma ba a yarda da shugabannin riƙo da gwamna ya naɗa ba, wanda shi ne ya sa jihohi da dama suka yi gaggawar shirya zaɓe a watannin da suka biyo baya. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, amma ko a haka ya sauya irin tambayar da ta halatta a yi wa mai neman kujera, domin wanda yake fafutukar a sakar masa kuɗi ya kamata ya iya faɗin abin da zai yi da su dalla-dalla: rijiyoyi nawa ne a mazaɓarsa suka mutu, nawa zai ware duk wata don gyara, wa zai riƙe makullin kowace, a ina za a tara shara, kuma a wane allo za a manna lissafin abin da aka kashe.

Hukuncina a kan hidimar kanta shi ne, ɗan ga-ruwa da mai rijiya sun cancanci yabo a kan zuwa a kan lokaci da mutunta abokin ciniki, sun sami matsakaicin maki a kan farashi saboda abin da ya fi ƙarfinsu, sun kuma faɗi a kan tabbacin tsabta. Wanda zai yi hulɗa da su ya zaɓi mutum ɗaya ya riƙe, ya je da ƙafarsa ya ga rijiyar da ake ɗebo masa, ya dubi nisanta da masai da yanayin tankinta, idan da hali ya sayi jarkokinsa masu murfi ya riƙa bayarwa ana cika masa, ya kuma ware mazubin ruwan sha daban. Rijiyar da ta koma aiki da hasken rana ta fi dacewa a ƙulla da ita, domin farashinta ba ya tashi duk ranar da aka ɗauke wuta, ko da yake ruwanta yakan yi ƙaranci da sassafe kafin rana ta ɗaga. Mai baro kuma a tambaye shi inda yake zubarwa, idan bolar tana da nisa a ƙara masa wani abu a kan kuɗinsa don ya kai ta can, a haɗa kai da maƙwabta a ɗauki yaro ɗaya ko biyu na layi gaba ɗaya a riƙa biyansu a wata, wanda ya fi sauƙin bibiya a kan kowane gida da nasa. A layinmu mun yi haka, mun sa mai unguwa a cikin maganar, kuma tun daga lokacin lambatun da ke bakin masallaci bai sake toshewa da buhunan shara ba, ko da yake bolar da ake kai wa tana nan tana cika tana jiran mota.